Sauya wa tsohon inji makamashi a Sudan: abin da zai yiwu da abin da ke da haɗari

Duk lokacin da layin mai ya yi tsawo a Gadarif ko Kasala ko Wad Madani, hirar direbobi da makanikai takan koma kan tambaya guda, wato ko akwai wani abin da za a ba inji ya sha in ba fetur da dizal ba. Tambayar tana da tushe. A ranar 9 ga Yuli 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen man da ƙasar ke haƙowa, a Yunin 2021 gwamnati ta janye tallafin fetur da dizal, sannan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da matatar Jaili da ke arewacin Khartum, wadda ke da ƙarfin tace ganga kusan 100,000 a rana. Daga nan mafi yawan man da ake sha ya zama na shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Fot Sudan, ana biyansa da dala, kuma a Mayun 2025 rumbunan man birnin su ma suka kama da wuta bayan harin jirage marasa matuƙa. Hausawan ƙasar nan suna cikin waɗanda abin ya fi taɓawa, domin da yawa daga cikinsu direbobin lori da raksha (keke mai ƙafa uku) ne, ko manoman da tarakta da injin ban ruwa ke riƙe da abincinsu a Gadarif da Sinnar da gaɓar Shuɗin Nilu.

Ta fuskar gwanintar hannu, babu abin da za a koya wa makaniken Sudan. Mutanen da suka ɗauki lorin Bedford na Ingila suka ƙarfafa masa ƙashin baya, suka mayar da shi motar da suke kira sifinja, mai ɗaukar kayan da masu ƙera shi ba su taɓa tsarawa ba, har ya ci gaba da ratsa yashi shekaru masu yawa bayan an daina ƙera shi, ba za su gaza ɗaura wa inji tukunyar gas ko tanki na biyu ba. A ganina, gyaran injin shi ne ɓangare mai sauƙi a wannan al'amari. Abin da ke yanke hukunci shi ne daga ina sabon makamashin zai fito, ko zai samu kullum, da kuma bakin wa za a cire shi kafin a kai shi tanki.

Kafin a shiga nau'o'in makamashin, dole a raba injuna gida biyu, domin yawancin ɓarnar da ake yi daga rashin wannan rabewa take tasowa. Injin fetur yana zuƙar iska haɗe da mai, ya matse su kamar sau 8 zuwa 10, sannan filogi ya kyasta wuta. Abin da yake bukata shi ne man da zai jure matsi ba tare da ya kama da kansa ba kafin lokacin kyastawa. Injin dizal kuwa iska zalla yake matsewa, sau 16 zuwa 22, har zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa mai ya kama nan take ba tare da filogi ba. Shi yana bukatar man da ke saurin kamawa da kansa. Saboda haka iskar gas da itanol (barasar da ake samarwa daga tsirrai) na injin fetur ne, man tsirrai kuma na injin dizal ne, kuma duk wanda zai ketare wannan iyaka sai ya yi wa injin aiki mai zurfi. Tsofaffin injuna masu kabureta ko famfon dizal na ƙarfe zalla sun fi sababbi karɓar sauyi, tun da babu kwamfutar da za ta ƙi amincewa, kuma kusan kowane saiti ana iya taɓa shi da sifana.

Abin da ya fi jan hankalin masu raksha da amjad (ƙaramar motar haya) shi ne gas ɗin girki, haɗin furofen da biyuten, wanda ke zama ruwa idan aka ɗan matse shi. A Turkiyya da Koriya ta Kudu da Italiya da Polan motoci masu ɗimbin yawa da shi suke tafiya, don haka fasahar tsohuwa ce tabbatacciya. Cikakken aikin yana da sassa sanannu: tanki na musamman mai kaurin ƙarfe da bawul mai hana a cika shi fiye da kashi 80 cikin 100, bawul mai sakin matsi idan ya yi yawa, makullin lantarki da ke datse gas da zarar an kashe mota, bututun jan ƙarfe, da na'urar da ke mayar da ruwan gas iska kafin ya isa kabureta. Wannan na'ura da ruwan lagireto ake ɗumama ta, domin gas yana kwashe zafi ƙwarai idan yana komawa iska. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan motar da aka haɗa wa ita ba daidai ba ya ga yadda farar ƙanƙara ke lulluɓe jikinta da tsakar rana, injin yana shaƙewa yana mutuwa, alhali bonet na ƙona hannu.

Wancan kashi 20 da ake bari fanko a tanki shi ne tsaron rai, musamman a ƙasar da zafi ke kaiwa digiri 45 a watan Mayu, cikin motar da aka ajiye a rana kuma ya wuce haka nesa. Ruwan gas yana kumbura da zafi fiye da yadda ruwa ke yi sau da yawa, kuma matsin furofen yakan kusan ninkawa tsakanin digiri 20 da digiri 50. A nan ne haɗarin anbubar girki, wato tukunyar gas ɗin madafa, yake. Idan mai ya yi wuya, abu mafi sauƙi shi ne a ɗauko ta daga madafa, a ɗaure ta da igiya a ƙarƙashin kujerar fasinja, a ja tiyon roba zuwa inji. An yi hakan sosai a Yaman a shekarun yaƙinta. Amma an ƙera anbubar ne domin ta tsaya cik a inuwa tana ba murhu ɗan abin da yake bukata. Ba ta da makullin da zai datse idan tiyo ya tsinke ko motar ta kife, kuma girgizar hanya tana sassauta mahaɗinta. Gas ɗin ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya zuba ba ya tashi sama, sai ya kwanta a ƙasan mota ko a ramin warsha (garejin makanike) yana jiran tartsatsi ɗaya daga batir ko guntun sigari. Makaniken da direba ya ce wa, "Usta, ka haɗa mini haka nan kawai, in an samu kuɗi a sayi tankin," ya kamata ya ƙi, ko da direban ɗan'uwansa ne, domin fasinjojin da za su zauna a kan anbubar ba a shawarce su ba.

Ko an yi aikin yadda ya dace, lissafin kuɗin yana bukatar natsuwa. Litar gas ba ta kai litar fetur ƙarfi ba, motar da ke shan lita 10 ta fetur za ta sha 12 ko 13 ta gas, don haka sai farashinsa ya yi ƙasa da na fetur da fiye da kashi ɗaya cikin biyar kafin a fara maganar riba, balle a mayar da kuɗin kayan. Anbuba mai kilo 12.5 daidai take da kusan lita 18 ta fetur, abin da raksha mai aiki za ta ƙone cikin 'yan kwanaki, alhali ita ce ke dafa wa gida guda abinci na makonni. Babbar matsalar kuma ita ce kafin yaƙi kaso mai yawa na gas ɗin girkin Sudan daga matatar Jaili yake fitowa, yanzu kuwa ta tashar da fetur ke shigowa shi ma yake shigowa, da dalar da ake sayen fetur ake sayensa. Ranar da fetur ya yanke, gas ma yana kan hanyar yankewa. Kowace anbubar da ta koma mota kuma, wata uwar gida ce aka mayar wa gawayi, gawayin kuwa daga dazukan da suka riga suka ƙare ake sarowa.

Iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa da ake matsewa, wadda ake kira CNG, wani abu ne daban. Metan ce, ba ta zama ruwa da matsi a zafin duniya, sai dai a cusa ta cikin tukunya da matsin da ya kai 200 a ma'aunin bar, kusan sau 100 na iskar tayar ƙaramar mota. Ta fi iska sauƙi, don haka idan ta zuba sama take yi, tana ƙonewa da tsabta, amma tukunyarta tana da nauyi, tana cinye but, kuma tsohon inji yakan rasa kashi 10 zuwa 15 na ƙarfinsa saboda gas ɗin ya tare wurin iska. Masar ta fara wannan aiki tun shekarun 1990, Iran da Pakistan sun mayar da motoci miliyoyi, Najeriya kuma ta rungume shi bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023. Duka waɗannan ƙasashe suna da rijiyoyin gas da bututu, kuma duk da haka Pakistan ta kai lokacin da take rufe gidajen sayar da shi wasu kwanaki a mako saboda gas ɗin bai isa gidaje da masana'antu da motoci ba. Direba a Damazin ba shi da gidan da zai cika tukunya, saboda haka wannan hanya magana ce ta gwamnati da shekaru masu zuwa.

Makamashin da ya fi dacewa da injin fetur a Sudan, kuma ƙasar ta riga ta san yadda ake yin sa, shi ne itanol. A 2009 kamfanin sukari na Kenana da ke jihar Farin Nilu ya buɗe masana'antar da ke iya samar da lita miliyan 65 a shekara daga baƙin ruwan da ke saura bayan an fitar da sukari daga rake. Wannan saura ba abincin mutane ba ne, kuma akwai irinsa a masana'antun Ginaid da Sabuwar Halfa da Sinnar da Asalaya. Idan aka gauraya kashi 10 cikin fetur, lita miliyan 65 za ta isa haɗa lita miliyan 650, kuma yawancin injuna za su sha ba tare da an taɓa su ba, sai ƙarin shan mai na kusan kashi 3. Brazil ta bi wannan hanya tun 1975 bayan tashin farashin mai na 1973, ta fito da mota mai shan itanol zalla a 1979, sannan da mai shan kowane haɗi a 2003. Yaƙi ya durƙusar da harkar sukari a Sudan, amma rake da ruwan Nilu suna nan, kuma idan aka zo tayar da masana'antun, ina ganin tukunyar itanol ta cancanci a sa ta a sahun gaba.

Idan haɗin ya wuce kashi 10 ko 15, sai an shiga cikin kabureta. Fetur yana son iska kusan kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya na mai, itanol kuwa kusan 9 kawai, kuma ƙarfinsa kashi biyu cikin uku ne na fetur. Ma'ana dole a faɗaɗa ramukan da mai ke bi, in ba haka ba injin zai yi ta aiki da yunwa, ya yi zafi, ya ƙone bawul. Ana kuma ɗan gabatar da lokacin kyasta wuta, tun da itanol ya fi fetur jure matsi. Sai a canza tsofaffin tiyo da robar famfon mai, domin yana cin su, yana kuma wanke tsatsar tanki ya kai ta filta. Babban aibinsa shi ne jan ruwa. Idan aka zuba fetur mai itanol a kwalba aka ɗiga masa ruwa kaɗan aka girgiza, bayan ɗan lokaci za a ga ya rabu biyu, wani ruwa mai gajimare ya kwanta a ƙasa, fetur na sama. Abin da ke faruwa ke nan a gindin tankin motar da aka ajiye da damina, kuma daga gindin ne famfo ke zuƙa. Wajibi ne kuma a gauraya shi da fetur tun daga masana'anta yadda ba zai shawu ba, kamar yadda ake yi a ko'ina, domin wannan ne zai kwantar da hankalin jama'ar Musulmi game da sayar da shi a fili.

Ga manomi kuwa, dizal ne ciwon kai, domin tarakta da lori da injin Lister na bakin kogi duk shi suke sha. Tun a baje kolin Faris na 1900 aka nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa, kuma direbobin Gaza sun zuba man girki a motocinsu a 2008 da aka toshe musu mai. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, amma man tsirrai yana da sharuɗɗa. Kaurinsa ya ninka na dizal sau goma ko fiye. A kan injin gwada nozul ana ganin bambancin ƙuru-ƙuru: dizal yana fita da ƙara ya bazu ya zama hazo, man gyaɗa mai sanyi kuwa sai ya fito da ɗigo-ɗigo masu kauri. Ɗigon da bai ƙone ba shi ne ke daskarewa a bakin nozul, ya manne ringin fistan, ya gangara cikin baƙin mai ya mayar da shi danƙo. Injin ba ya mutuwa a makon farko, kuma wannan ne ke yaudarar mutane, sai bayan watanni a ga hayaƙi ya ƙaru, ƙarfi ya ragu, tashi da safe ya zama aiki.

Maganin da aka sani shi ne tanki biyu. A tayar da inji da dizal, a bar ruwan lagireto ya ɗumama man tsirran zuwa digiri 70 ko 80 inda yake tsinkewa, sannan a juya makulli. Kafin a kashe kuma a koma dizal na 'yan mintuna domin a wanke famfo da nozul. A rage tazarar canza baƙin mai. Tsofaffin injuna masu ɗan ɗakin ƙonewa na gefe da famfo mai jeri sun fi haƙuri da wannan, famfo mai juyawa wanda man da ke bi ta cikinsa ne ke shafe shi yakan karye da mai mai kauri, sababbin injuna masu kwamfuta kuwa kada a kusance su da shi. Hanya ta biyu ita ce a gyara man maimakon injin, a dafa shi da kusan kashi 20 na metanol da ɗan soda mai ƙuna, gilisarin ya kwanta a ƙasa, a wanke na saman a busar. Wannan yana shiga tanki kai tsaye ko a gauraye da dizal, sai dai metanol guba ne mai makantarwa kuma shigo da shi ake yi, don haka aikin ƙungiyar manoma ne mai wurin aiki da ma'auni, bai dace da bayan ɗaki ba.

Tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce wane mai za a ƙona. Riɗin Gadarif da gyaɗar Kurdufan da Jazira abinci ne, kuma kayan da ƙasa ke samun kuɗin waje da su ne. A lokacin da yunwa ta kama miliyoyin mutane, zuba su a tanki abu ne da ba zan iya goyon bayansa ba, kuma ko ta fuskar kuɗi da wuya litar man girki ta fi litar dizal araha. Abin da ya rage shi ne man da aka gama suyar ta'amiyya (irin ƙosai) da kifi da shi, wanda sai an bar shi ya kwanta, an tace shi sosai, an kuma ƙafar da ruwan cikinsa, kuma yawansa bai wuce ya riƙe 'yan motoci a kowane gari ba. Sai ƙwallon aduwa, wanda ke da mai da yawa kuma bishiyarsa ta cika ƙasar, ko da yake fasa shi aiki ne. Bini-da-zugu an yi masa babban zato a duniya wajen 2007 da 2008, aka ce zai yi albarka a busasshiyar ƙasa, amma gonaki da dama a Afirka da Indiya suka watse da aka gano cewa in ba ruwa da taki ba ya bayar da abin kirki.

Akwai kuma tsohuwar hanyar hayaƙin itace. A Yaƙin Duniya na Biyu motoci kusan miliyan ɗaya a Turai da ita suka yi tafiya, Suwidin kaɗai tana da fiye da 70,000. Ana ƙona itace ko gawayi a cikin tukunya da iska kaɗan, sai ya fitar da gas mai kamawa, a sanyaya shi, a tace, a tura wa inji. Kusan kilo 3 na busasshen itace ke maye litar fetur, ƙarfin injin yakan faɗi da kashi ɗaya cikin uku ko fiye, kwalta tana manne bawul idan tacewa ta gaza, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na gas ɗin iskar nan ce marar wari da ke kashe mai barci kusa da gawayi a rufaffen ɗaki. Ga mota a hanyar Sudan wannan wahala ce, ga dazuka kuma bala'i ne. Amma ga injin da ke zaune wuri ɗaya a fili, na ban ruwa ko na niƙa, kusa da tarin ɓawon gyaɗa ko karan auduga ko itacen muskit mai ƙaya da ya mamaye gonakin Gash da Tokar a gabashin ƙasar, yana iya rage fiye da rabin dizal ɗin da ake sha, a bar ɗan kaɗan domin kunna wuta. Ko a nan ma, inda rijiya ba ta da zurfi, famfo mai aiki da hasken rana ya fi sauƙin kulawa.

Abu biyu ne ya kamata a rufe musu ƙofa gaba ɗaya. Na farko shi ne kwalbar da ake cewa tana sa mota tafiya da ruwa. Da wutar motar take raba ruwa ya zama gas mai kamawa, amma wutar da ake kashewa wajen raba ruwa ta fi wadda ake samu idan aka ƙona abin da ya fito, kuma daga man da ke tanki wutar take zuwa. Na biyu shi ne zuba tsohon baƙin mai ko kananzir mai yawa cikin dizal, domin na farkon yana ɗauke da garin ƙarfe da ke cinye famfo, na biyun kuma ba shi da santsin da famfon ke bukata.

Kowace hanya aka zaɓa, lafiyar injin ce farkon abin dubawa, domin sabon makamashi yana tona asirin tsohuwar cuta. A auna matsin kowace silinda, a duba lagireto da famfon ruwa, a sabunta filogi da wayoyinsa tun da gas ya fi fetur wuyar kyastawa. Injunan da aka ƙera a zamanin fetur mai dalma suna da mazaunin bawul mai laushi, busasshen gas kuma yana cinye shi a hankali, don haka sai a riƙa auna tazarar bawul akai-akai ko a dasa mazauni mai tauri. Tukunyar gas kuwa tana da ranar ƙira da ranar ƙarewa a buge a wuyanta, kuma ana gwada ta da matsin ruwa bayan 'yan shekaru. Idan harkar ta buɗe a Sudan, tsofaffin tukwanen da wasu ƙasashe suka yar za su biyo kasuwa da sabon fenti, kuma hukumar kula da ma'auni da ingancin kaya tare da 'yan sandan hanya ne ya kamata su riga su isa, da rajistar warshoshin da aka yarda su yi aikin da takardar gwajin kowace tukunya. Kafin a kai ga haka, mai mota ya karanta lambobin wuyan tukunyar da idonsa, kuma duk wadda ya ga alamar walda ko lotsawa ko an goge lambarta, ya bar ta a wurin mai sayarwa.